Da Wane Ma'auni Za A Auna Motsin Tsoho? Nazari Daga Tozai

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta game da motsa jiki. Ta shawarci wanda ya kai shekara 65 da ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a kowane mako, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, tare da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku domin kauce wa faɗuwa. A takarda lissafin ba shi da wuya. Wuyar tana wajen gano ko wani dattijo a Tozai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Illela da ke kan iyakar Nijeriya da Nijar, ya cika wannan adadi. Matsalar ta harshe ce tun kafin ta zama ta likita, shi ya sa ta shafi manazarta Hausa.

2.0 Takardun Tambayoyi

Hanya mafi arha ita ce a tambayi mutum abin da ya yi a kwana bakwai da suka wuce. Fitacciyar takardar wannan aiki ita ce IPAQ, wadda aka soma tsarawa a 1998. A 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka wallafa fassarar Hausa ta gajeren samfurinta. Aiki ne abin yabo, sai dai tun asali an tsara takardar domin 'yan shekara 15 zuwa 69 ne. Wadda aka keɓe wa tsofaffi kuwa, wato PASE ta 1993, a Amurka aka shirya ta, kuma cikin misalanta har da wasan golf da kwashe dusar ƙanƙara daga farfajiyar gida.

3.0 Inda Harshe Ke Gardama

A bakin jama'a, "motsa jiki" yana nufin sassarfa ko ƙwallo ko fareti. Dattijon da ya wuni yana huɗa, ko ya koro awaki daga daji, in an tambaye shi ko yana motsa jiki, abu ne mai sauƙi ya ce wannan sai yara. Shi aiki ya yi. Mai tambaya zai rubuta sifiri, alhali mutumin ya zubar da gumin da ma'aikacin ofis ba zai zubar a mako ba.

Lokaci ma haka. Takarda minti take nema, tsoho kuwa da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru yake raba wuninsa. Kafin "daga hantsi zuwa azahar" ya koma adadi, sai an cire hirar bakin gona da hutun gindin bishiya, kuma mai tambaya ne ke yin wannan ƙiyasi da ka. IPAQ ba ta ƙidaya motsin da bai kai minti goma a jere ba, sharaɗin da ƙa'idar 2020 ta yi watsi da shi. Motsin tsohuwa kuwa gutsattsari ne: shara, tankaɗe, hura wuta, bai wa dabbobi dusa, goyon jika. Kwana bakwai kuma ba sa wakiltar shekara. Makon shuka da noman farko daban yake da makon Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kuma dukansu daban suke da watan azumi.

Sai kuma kunya, wadda ita ce mafi wuyar kamawa. Tsohuwar da ke da surukai da jikoki ba za ta so ta faɗa wa baƙo cewa har yanzu tana daka ba, domin faɗin haka tamkar tona asirin gida ne, wato ba a hutar da ita ba. Dattijo kuma yakan ƙara gishiri, gudun kada a ce ƙarfinsa ya ƙare. Kuskuren mata da na maza ke nan ba ɓangare guda suka karkata ba, don haka gyara ɗaya ba zai wadatar da su ba.

4.0 Na'ura da Gwajin Jiki

Ana iya zaton na'urar ƙidayar motsi ta raba gardama, tunda ba ta jin kunya. Wadda ake ɗaurawa a ƙugu takan kama tafiya, amma ba ta ganin aikin hannu yadda ya kamata, irin su daka da sussuka da jan guga, kuma ba ta san nauyin damin da ke kan mai tafiya ba. Yawancin iyakokin da ake raba matsakaicin motsi da mara ƙarfi da su, a jikin matasa aka fitar da su, alhali takun da saurayi ke ɗauka wasa yakan sa ɗan shekara 75 haki.

Gwajin tashi da zama na daƙiƙa 30 kuwa kujera mai tsayin kimanin santimita 43 yake buƙata. Mai zama a tabarma ko buzu kullum yana yin abin da ya fi wannan wuya, wato miƙewa daga ƙasa.

A nan ne salla ta cancanci kulawa. Farillan yini raka'a 17 ne, ruku'u 17 da sujada 34, ban da nafila da tattaki zuwa masallaci. Ba lallai wannan ya kai matsakaicin motsi ba, amma tanƙwara gwiwa da miƙewa ne kowace rana, kuma babu gurbinsa a takardun da aka ambata. Bugu da ƙari, al'umma ta riga ta mayar da shi ma'auni. Ranar da dattijo ya koma yin salla a zaune, ko ya daina fita asuba, duk sahu ya san ƙarfi ya ja baya. Tambayar "Baba, a tsaye kake salla ko a zaune?" ba ta buƙatar agogo, kuma da wuya a ƙara mata gishiri.

Ko shekara 65 ɗin kanta sai an nemo ta, domin da yawa daga cikin tsofaffin karkara ba su da takardar haihuwa. Mai bincike kan koma ga abin da ba a mantawa: ko an haifi mutum kafin samun 'yancin kai a 1960, ko kuma ya riga ya yi aure lokacin farin 1973.