Sakin gonaki: abin da manomi da makiyayi ya kamata su sani

Jama'a, kaka ta yi. Daga Kanambakashe zuwa Maijirgi ana ta ɗaurin dammunan hatsi ana kaiwa rumbu, wake da dawa kuma suna jiran nasu lokaci. A daidai nan ne garken shanu da raƙuma ke gangarowa daga arewa, wajen Dakwaro da kwarin Tarka, domin tabkunan can sun fara ƙafewa. Suna ratsa Mayahi da Tasawa, wasu su yada zango a Gulbin Kaba, wasu su zarce Nijeriya. Makonnin da ke tsakanin isowar bisashe da gama kwashe amfanin gona su ne mafi haɗari a shekara.

Shi ya sa ake sa ranar sakin gonaki. Dokar kiwo ta 2010 ta ce gwamnan jiha ne ke tsaida ranar, bayan an ji ta bakin kwamitocin kula da filaye, wato Kofo, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Galibi ranar kan faɗo cikin Disamba ko farkon Janairu, gwargwadon yadda damina ta kasance.

Me ranar ke nufi? Kafin ta zo, dabbar da ta shiga gona ta yi ɓarna, mai ita zai biya. Bayan ta wuce, gonar damina ta zama wurin kiwo, kuma ba a neman diyya kan abin da aka bari a ciki. Ke nan wanda ya bar wake ko karansa har ranar ta wuce, shi ya jawo wa kansa.

A da, manomi da kansa yake roƙon Bafulatani ya kwana da shanu a gonarsa, ya samu taki, shi kuma ya ba shi hatsi. Yanzu kara da harawa sun zama kuɗi, ana kwashe su a amalanke a kai gida ko kasuwa. Gonaki kuma sun ci burtali a wurare da dama. Makiyayi ya iso ya tarar babu hanya, babu ciyawa. Nan rigima ke farawa. Manya ba su manta da Toda ba, a yankin Gidan Runji, inda a Oktoban 1991 aka rasa rayuka sama da 100 sanadin irin wannan rikici.

To mene ne abin yi? In an yi maka ɓarna, kada ka taɓa dabba, kada ka ɗaga sanda. Ka kira mai gari da ƴan Kofo su ga wurin da idonsu, a kimanta, a sasanta. In abin ya gagara, a je wurin sarki, sannan kotu. Makiyayi kuma ya bi burtali, kada ya bar yara ƙanana da garke, musamman da dare.

Ƴan'uwa da ke Kano, Legas, Agadas ko Libiya, ku ma da rawar da za ku taka. Gidaje da yawa tsofaffi da mata ne suka rage da aikin. In za ku aiko da kuɗin ƙwadago ko na amalanke, yanzu ne lokacinsa, ba bayan an saki gonaki ba.

Da zarar sanarwar gwamna ta fito za mu karanta muku ita da Hausa da Fulatanci. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu zaman lafiya.