Furen Okid na Daji: Danginsa da Siffarsa

A cikin tsire-tsire masu fure, da wuya a sami dangi mai yawan 'ya'ya kamar na okid, wanda masana ke kira Orchidaceae. An ƙididdige nau'o'insa kusan 28,000. Mafi yawansu suna maƙalewa ne a rassan itatuwan kurmi, amma akwai masu yawa da ke kafa saiwa a ƙasa, su ne ake kira okid na ƙasa.

Okid yana daga cikin tsire-tsiren da ke tsirowa da ganye ɗaya tak, kamar gero da dawa da albasa, shi ya sa jijiyoyin ganyensa ke tafiya a jere. Masani ɗan Faransa, Jussieu, shi ne ya ware shi a matsayin dangi na musamman a 1789. A yau an kasa dangin gida biyar, kowane gida da zuriyoyinsa, kowace zuriya da nau'o'inta. Bisa tsarin da Linnaeus ya kafa a 1753, kowane nau'i yana da suna biyu: na zuriya, sannan nasa. Misali shi ne Eulophia cucullata, mai fure ruwan hoda, wanda ke tsirowa a filayen ciyawa na Afirka, har da Nijeriya. Zuriyar Habenaria ma tana nan a irin waɗannan filaye, tana fure da damina.

Wanda ya duba furen da kyau zai ga an gina shi ne uku-uku. Daga waje akwai ganyaye uku da suka rufe shi kafin ya buɗe. Daga ciki akwai wasu uku, biyu iri ɗaya, na ukun kuwa ya sha bamban, ya fi faɗi da ado. Shi ake kira leɓe, kuma a kansa ƙwaro ke sauka. Abin mamaki, a sama leɓen yake farawa, amma yayin da furen ke girma sai ya murɗe rabin zagaye, leɓen ya koma ƙasa.

A tsakiya kuwa sashen namiji da na mace sun haɗe sun zama ginshiƙi guda, kuma wannan ita ce babbar alamar dangin. A galibin nau'o'i ƙurar furen ba ta warwatse kamar ta masara, a dunƙule take. Idan ƙwaro ya cusa kansa neman zaƙi, sai dunƙulen ya manne masa, ya kai shi wani furen. Charles Darwin ya rubuta littafi sukutum kan wannan dabara a 1862. Wasu ma yaudara suke yi: leɓen Ophrys na ƙasashen Bahar Rum yana kama da macen wani ƙudan daji a siffa da ƙamshi, sai namijin ya ruɗu ya sauka, ya kwashi ƙura, ya tashi hannu banza.

Bayan barbara, mahaifar da ke ƙarƙashin furen takan zama kwanso mai dubban iri, ƙanana kamar ƙura. Irin ba shi da guzurin abinci, don haka ba ya tsirowa a daji sai wata funfuna ta cikin ƙasa ta ciyar da shi. Da yawa daga cikin okid na ƙasa suna tara abinci a saiwa mai kama da dankali, su kwanta da rani, su farfaɗo da saukar ruwa.

Wannan saiwa ce ta jawo masa barazana. A Turkiyya ana haƙo ta don yin abin sha mai suna salep, a Zambiya kuma abincin da ake kira chikanda. Duk wanda aka haƙo ya mutu ke nan, maye gurbinsa kuwa yakan ɗauki shekaru. Saboda haka ɗalibin da ya ci karo da shi a fadama ko a kan tudu, gara ya ƙirga sassan furen, ya zana su a littafinsa, ya bar shi inda ya same shi.