Kafin Ka Haɗa Janareta Da Inbatarka

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gidaje da dama suka koma sola. Madalla. Amma da zarar hadarin Agusta ya rufe sama kwana da kwanaki, ko hazon hunturu ya lulluɓe farantan, batir ba ya cika, sai kowa ya tuna da janareta. A nan ake tafka ɓarnar.

Mutum ya kashe miliyoyi a kan batir da inbata, sannan ya shiga kasuwa ya ɗauko ɗan mitsitsin janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, wai shi zai yi masa caji. Haba jama'a! Wannan injin ko wat 1,000 ba ya bayarwa. Inbata mai 48V kuwa, idan tana caji da amfiya 30, cajin kaɗai yana jan kusan wat 1,500, ba a sa firji da fankoki a lissafi ba. Sai ka ji injin yana shaƙewa, wuta tana hawa tana sauka, inbata ta karɓa ta saki, ta karɓa ta saki, har wata rana allon cikinta ya ƙone. Daga nan maigida ya hau zagin wanda ya haɗa masa sola, alhali araharsa ce ta ja masa.

Lambar da aka manna a jikin janareta ma ba duka za ka ci ba. Mai 3.5kVA abin da zai ba ka bai wuce wat 2,800 ba, in ma masu ƙera shi ba su yi ƙari ba. Haɗa abin da caji ke ja da na kayan gida, ka bar rarar kashi ɗaya cikin huɗu, musamman in kana da injin bohol, domin wutar da yake zuƙa wajen tashi ta ninka wadda yake ci yana aiki. Ka tabbata janaretan yana da AVR, na'urar da ke daidaita wuta. Yawancin inbatoci kuma ana iya rage musu ƙarfin caji. Sa mai gyara ya saita maka daidai ƙarfin injinka, kada ka tsaya danne-danne da kanka.

Masu shigar da janareta zaure ko kicin don tsoron ɓarayi, ku daina. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe iyali suna barci. A gina masa keji a tsakar gida, nesa da tagogi, a sa kwaɗo.