Littafi Mai Magana a Azuzuwan Wurno, Rabah da Goronyo

A shekarar 2013 an gwada karatun 'yan aji biyu da uku na firamare a jihohin Sakkwato da Bauchi, da tallafin hukumar USAID ta Amurka. Sakamakon ya isa ya hana mai hankali barci: mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, kuma da Hausa aka gwada su, harshen da suka buɗi baki da shi. Wannan na cikin abin da ya haifar da shirin NEI Plus a 2015, wanda ya kawo littattafan Mu Karanta! na 'yan aji ɗaya zuwa uku, tare da horar da malamai su fara da sautin harafi, su haɗa gaɓa, sannan su kai ga kalma.

Littattafan sun yi rana. Sai dai duk wanda ya taɓa leƙa aji biyu a ƙauyukan Wurno ko Goronyo ya san inda gizo ke saƙar. A tabarma ɗaya za ka ga ɗan shekara bakwai da bai rarrabe "ba" da "da" ba, da ɗan shekara goma sha ɗaya da ya yi wata biyu a fadama wajen dashen albasa, da yarinyar da 'yan bindiga suka taso iyayenta daga wani ƙauye a yankin Gandi. Malami ɗaya ne, shafin da ya buɗe ɗaya ne. Wanda shafin ya fi ƙarfinsa sai ya bi bakin 'yan uwansa da amshi, har a zaci karatu yake yi.

Maganin da masana suka fi yarda da shi shi ne a koyar da kowane yaro daga inda ya tsaya. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yi suna da wannan salo, kuma an jarraba shi a Dawakin Tofa da Wudil ta jihar Kano: a gwada yaro, a sa shi rukunin masu harafi, ko masu kalma, ko masu iya jan labari, ba tare da duba shekarunsa ba. Amma rukuni uku na buƙatar labarai iri uku, kuma madaba'a ba ta bugo wa kowace makaranta nata. Nan ne manhajojin ƙirƙirar labari suke da abin cewa.

Ɗauki Bloom, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL. Malami zai buɗe shafi a kwamfuta, ya sa hoto a sama, ya rubuta jimla a ƙasa. Idan ya gaya mata cewa yaransa haruffa kaza kawai suka koya, duk kalmar da ta ƙunshi harafin da ba su kai ba za ta yi mata alama, ya sauya ta. Idan jimla ta yi wa matakin tsawo, nan ma za ta nuna. Daga nan sai ya naɗi muryarsa jimla bayan jimla. A waya, kowace jimla takan haskaka daidai lokacin da muryar ke faɗinta, yaro na ji yana bi da ido, in ya ɓata ya taɓa ta maimaita, ba tsawa ba bulala. African Storybook, wadda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta ƙaddamar a 2014, tana da labaran Hausa, tana kuma da manhajar haɗa labari a kan waya ba tare da intanet ba. StoryWeaver ta Indiya ma tana da labaran Hausa.

A ganina, muryar ita ce babbar riba ga gabashin Sakkwato. Littafin makaranta da daidaitacciyar Hausa ake rubuta shi, wadda ta fi kusa da Kananci. Yaron Rabah kuwa "biyat" yake cewa, littafi ya ce "biyar". Yana cewa "tahi", ya tarar da "tafi". Ga babba wannan ba komai ba ne. Ga mai koyon haɗa sauti da harafi, tuntuɓe ne a kowane layi. Malamin garin, da ya san bakin yaransa, zai iya fara musu da kalmomin da ba su saɓa ba, ya shigo da sauran sannu a hankali. Kuma zai ba su labarin abin da suka sani: kwalekwale a madatsar ruwan Goronyo, ranar cirar tafarnuwa, ambaliyar 2010 da iyayensu ke ba da labari har yau. Yaran ma za su iya faɗa, malami ya rubuta, su zana hoton da alli ko biro a ɗauka da waya. Yaro bai cika ƙosawa da karanta labarin da ya fito daga bakinsa ba.

Wurno ba baƙuwar wannan dabara ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ribaɗin garin, kuma a nan aka binne shi a 1837. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta tsara karatun mata ta hanyar 'Yan Taru. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa, ta koya mata waƙoƙin ilimi da harshen da matan karkara ke ji, jajin ta kai su ƙauyuka. Darasi ne a cikin murya, a hannun wadda mutane suka yarda da ita. Abin da waya ta ƙara kawai shi ne ba ta gajiya da maimaici.

To amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Rabah da Goronyo. Duk tsarin da sai da intanet yake aiki, a irin wannan rana ya zama hoto. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda gwamnatin tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe a watan Maris na 2022, yana da darussa masu yawa, amma tambayar malamin ƙauye ita ce wa zai saya masa data, ina kuma zai yi caji. Abin da zai ɗore a nan shi ne wanda ake saukewa sau ɗaya a Sakkwato, a zuba a katin memori, ya bi hannu zuwa hannu ta Bluetooth ko Xender, hanyar da wa'azi da finafinan Kannywood suka daɗe suna bi. Masu mafarkin kwamfutar hannu ga kowane yaro su dakata tukuna. Wayar malami, 'yar sifika, da faranti ƙarami na sola sun isa rukuni ɗaya ya saurari labari a gindin bedi yayin da malamin ke fama da masu harafi a allo.

Sauran matsalar ta siyasa ce. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, ya ce a koma Turanci. A shekarar ce kuma aka rushe USAID, wadda ta ɗauki nauyin Mu Karanta!. Ni dai ban ga yadda yaron da bai iya karanta Hausa ba zai karanta harshen da ko kasuwa ba ya ji. Manhajojin suna ba da damar a sa Hausa da Turanci a shafi guda, kuma lasisin yawancin labaran ya halatta a fassara, a gyara, a buga kyauta. Aikin da ya rage, na horar da malamai naɗar murya da tace rubutun ƙ da ɗ da ɓ kafin labari ya isa hannun yara, yanzu yana wuyan hukumar SUBEB ta jiha da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari.