Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Hotoro: Kanon Bayan Badala

Ɗan cikin birni, wanda aka haifa a Yakasai ko Mandawari, har gobe in za shi Hotoro cewa yake zai fita waje. Ba shi da laifi. Kakanninsa sun san yankin nan gonaki ne da 'yan ƙauyuka, inda ake noma gero da dawa da gyaɗa, a labta wa jaki a shigo da su ta Ƙofar Nassarawa. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ma'aikata suka yawaita, birni ya cika ya batse, gwamnati ta gina rukunin gidajen Kundila, aka shiga yanka gonaki filoti-filoti. Zuwa ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Tarauni kaɗai, mai hedikwata a Unguwa Uku, ta haura mutum dubu 220. Ita kuwa Hotoro a rabe take, wani sashe a Tarauni, wani a Nassarawa.

Cikin birni fada da Kurmi da malamai ne suka raine shi. Nan kuwa tituna ne, na Zariya da na Maiduguri, kuma abincin mutane da yawa a hannun masu jira yake.

Dubi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, kowa kuma Asibitin Malam yake ce masa. Ana kawo marasa lafiya daga Jigawa da Katsina da Bauchi, har daga Nijar, kuma Bahaushe ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Kowane majinyaci da ayarinsa: uwa ko ƙanwa mai kwana da shi, yaro mai zirga-zirgar sayo magani, ga 'yan dubiya da kuloli da fulas ɗin kunu. Da yamma za ka tarar da mata sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, buta a gefe, ana raba tuwo da waɗanda jiya ma ba a san su ba. Wata ta leƙo: “Sannu Hajiya, ya mai jiki?” A ce da sauƙi, ko da babu sauƙin. A wajen get kuwa kyamis-kyamis ne a jere, da wuraren gwajin jini da hoto, da masu lemo da kankana, da mai shayin da ya haddace lokacin sauyin aikin nas-nas. Wannan ciniki a kan wahalar wasu ya tsayu, amma ban ga aibunsa ba. Wanda ya kwana a benci yana buƙatar ruwan zafi da asuba.

A Unguwa Uku jiran na mota ne. Ɗan kamasho na kwarara kiran “Kaduna, saura mutum ɗaya!” alhali kujeru uku ne ba kowa. Kusa da nan ga 'Yan Awaki, wadda ke tumbatsa da raguna gab da Babbar Sallah.

Hotoro kuma daffon mai na NNPC ne ya fito da sunanta. An gina shi ne don karɓar mai ta bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Matatar ta daɗe tana jinya, amma direbobin tanka da yaran mota sun riga sun kafa tasu duniyar: makanikai, masu faci, masu abinci, da 'yan bumburutu masu fito da galan-galan da zarar layi ya yi tsawo a gidan mai. Gadar saman da aka buɗe a shataletalen Hotoro a farkon 2023 ta rage cunkoso, sai dai mai ƙafa ne ya ji a jikinsa wajen tsallaka titi.

'Yan asalin wurin ba su ɓace ba, ginin siminti ne ya kewaye su. Ka kutsa lungunan Tsamiyar Boka ko tsohuwar Tarauni, za ka iske gidajen ƙasa masu zaure, awaki a ɗaure, almajirai na wanke allo, ɗan ga-ruwa na tura kurarsa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Mai unguwa na nan da dagaci, ana kai musu ƙara kan gado da iyakar fili, domin gonar da kaka ya sayar a kuɗin aure ɗaya, yau kwatarta ta fi ƙarfin jikokinsa, wasunsu ma haya suke kamawa a kanta.