Kowa na da waya, me zai sa amarya ta biya ka?

Yanzu kowa mai hoto ne. Abin da zai raba ka da ƙawar amarya mai iPhone shi ne iya sarrafa haske, cika alkawari da riƙon sirri.

Ba sai ka ci bashin sabuwar kyamara ba. Canon ko Nikon ta hannu da lens 50mm sun isa ka fara ɗaukar kamu da dina. Karɓi rabin kuɗinka kafin biki, ku rubuta adadin hotuna da ranar bayarwa, ko a WhatsApp ne. Ajiye aikinka wuri biyu, don memori na lalacewa, biki kuwa ba a maimaita shi. Kada ka ɗora hoton matar aure a Instagram sai da izini; kuskure ɗaya zai rufe maka ƙofar dangi guda. In kasuwa ta buɗe, yi rajistar suna a CAC, manyan kwastomomi na tambaya.

Tsadar dala da fetur ɗin janareta kuwa, shugabanni ke tsara manufofinsu, kai ke zaɓensu. Zaɓen 2027 na tafe, duba katin zaɓenka tun yanzu. Ranar, kar ka tsaya ɗaukar hoton layi kawai, shiga layin.