Sinawa Da Turancin Da Ba Ya Cikin Littafi

Tun kafin Bahaushe ya san inda ƙasar Sin take a taswira, ya san sunanta a bakin malamai, waɗanda kan yi misali da nisanta idan suna kwaɗaitar da almajirai neman ilmi. To, yau ga Sinawan da kansu sun duƙufa wajen neman wani ilmi da ke nesa da su, watau harshen Turanci. Ƙasa ce mai mutane fiye da miliyan 1,400, kuma tun shekarar 2001 Ma'aikatar Ilminsu ta ba da umurni a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare. A jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira Gaokao, harshen waje yana ɗauke da maki 150 cikin 750 a yawancin lardunan ƙasar, kuma Turanci ne akasarin ɗalibai ke ɗauka. A shekarar 2024 kaɗai ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistar wannan jarrabawa.

Amma fa duk da wannan ƙoƙari, akwai wani kuka da Sinawa suka daɗe suna yi. Ɗalibi yakan shekara goma yana haddar ƙamus da nahawu, ya ci jarrabawa da kyakkyawan sakamako, amma ran da ya sauka London ko New York, direban mota ya yi masa magana, sai ya tsaya yana zare ido. Su da kansu suka raɗa wa abin suna "Turancin bebe". Babban dalili kuwa shi ne, Baturen kan titi ba da Turancin littafi yake hira ba. Da salon magana yake yi, da karin magana, da kuma sara, watau kalmomin yayi irin na samari da 'yan birni.

TUSHEN AL'AMARIN

Daga shekarar 1757 zuwa 1842 sarakunan Sin sun tsare cinikin Turawa a tashar jirgin ruwa guda, watau Canton, wadda yau ake kira Guangzhou, kuma sun hana a koya wa baƙi Sinanci. Saboda haka fatake da dillalai suka ƙago wani Turancin buroka, kalmomin na Ingilishi amma ginin jimlar na Sinanci. Bayan ƙasar ta sha kashi a yaƙe-yaƙen ofiyom guda biyu, sai gwamnati ta buɗe makarantar horar da tafintoci mai suna Tongwen Guan a birnin Beijing a shekarar 1862, kuma da Turanci aka fara.

Da Kwaminisanci ya kafu a 1949, sai Rashanci ya ture Turanci daga makarantu. A 1964 aka mayar da Turanci kan matsayinsa na harshen waje na farko, amma ba a jima ba Juyin Al'adu ya ɓarke a 1966, karatu ya tabarbare har shekara goma, sauraron rediyon ƙasashen waje ma ya zama laifi. Sai a 1977 aka maido da jarrabawar shiga jami'a, a 1978 kuma Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ƙasar ga duniya. Wannan tarihi ne ya sa malamai da yawa na wancan zamani suka koyar da harshen da ba su taɓa jin masu shi suna hira da shi ba. Abin da malami ya samu a littafi, shi ya miƙa wa ɗalibi.

INDA GIZO KE SAƘAR

Sinawa mutane ne masu arzikin karin magana. Suna da dubban maganganu masu harafi huɗu-huɗu da suke kira chengyu, da yawansu kuma da labari a bayansu. Alal misali, idan mutum ya ɓata aiki da ƙarin da ba a bukata, sukan ce ya zana maciji ya ƙara masa ƙafa. Asalinsa waɗansu mutane ne suka yi gasar zanen maciji a kan tulun giya. Wanda ya riga gamawa ya tsaya ƙara wa nasa ƙafafu, aka ce ai wannan ba maciji ba ne, giyar ta kuɓuce masa. A wurinsu yawan kawo irin waɗannan maganganu alamar zurfin ilmi ce. Don haka ɗalibinsu yakan zaci haka abin yake a Turanci, ya haddace tsofaffin maganganu irin su "raining cats and dogs" don nufin ruwa kamar da bakin ƙwarya, alhali kuwa da wuya ka ji saurayin Ingila na yau ya faɗi haka.

Ainihin Turancin yau da kullum a kan 'yan ƙananan kalmomi yake tafiya. Ɗauki "put", wadda ma'anarta ajiyewa. In an ce "put off" an ɗage abu ke nan, "put out" an kashe wuta, "put up with" kuwa an jure. Ɗalibin da ya taso da jarrabawa ya san dogayen kalmomin da ke ɗauke da waɗannan ma'anoni, irin su "postpone" da "tolerate", amma gajerun su ke ruɗa shi. Sakamakon haka, in ya buɗe baki a wurin shan shayi sai ka ce wasiƙar ofis ake karantawa.

Mafi haɗari kuma su ne maganganun da suka yi kama a harsunan biyu amma nufinsu ya sha bamban. Idan Bature ya ce wani ya "ci maganarsa", watau "eat his words", nufinsa mutumin ya janye abin da ya faɗa domin ta bayyana bai yi daidai ba. A Sinanci kuwa cin magana saɓa alkawari ne. Idan Bature ya ce yana "jan ƙafarka", zolayarka yake yi, amma jan ƙafar baya a Sinanci shi ne hana mutum ci gaba. Mai hassada a Turanci kore yake zama, a Sinanci idonsa ne ke ja. Kare kuma, wanda Bature kan kira abokinsa da shi cikin raha ya ce "lucky dog", a tsofaffin maganganun Sinawa yawanci abin zagi ne.

Wani abin sha'awa, kalmar ci a Sinanci ita ce "chi", ta ɗan yi kama da tamu a kunne ko da yake babu dangantaka, kuma su ma sun ɗora mata kaya kamar yadda muka yi da cin amana da cin fuska. Cin ɗaci a wurinsu shan wuya ne, cin ruwan tsami kuwa kishi. In an juya waɗannan zuwa Turanci kalma da kalma, Bature ba zai fahimci komai ba.

GAISUWA DA LADABI

Basine yakan gai da maƙwabcinsa da tambayar ko ya ci abinci. Bature in ya ji haka sai ya ɗauka gayyatarsa ake yi. In an yabi Basine, ladabi shi ne ya ƙi karɓar yabon, ya ce "a ina, a ina", alhali Bature godiya kawai yake jira. Haka nan Sinawa suna da gaisuwar da ta yi daidai da "sannu da aiki", kuma sukan sallami baƙo da cewa ya tafi a hankali, amma Turanci ba shi da takwarorinsu sosai. A ɗaya gefen, Ba'amurke yakan ce "What's up?" yana wucewa, ba ya tambayar abin da ke sama, ba ya kuma jiran dogon bayani.

Akwai kuma matsalar i da a'a. In ka tambayi Basine, "Kayan ba su iso ba?" zai iya cewa "Yes", yana nufin haka ne, ba su iso ba, daidai yadda Bahaushe zai amsa. Bature kuwa "No" yake sa rai ya ji. A harkar ciniki, wannan 'yar kalma guda tana iya jawo hasarar dukiya da ɓacin zumunci.

KO MANYA BA SU TSIRA BA

A watan Disamba 1970 Shugaba Mao Zedong ya gana da ɗan jaridar Amurka Edgar Snow, ya kwatanta kansa da sufin addinin Buddha mai riƙe da laima. Wannan rabin karin magana ne, irin wanda ake faɗin farkonsa a bar wa mai sauraro ya cika. Sufi kansa a aske yake, ba gashi, laima kuma ta tare masa sama. Da yake kalmar gashi da kalmar doka sun yi kama a furucin Sinanci, abin da Mao ke nufi shi ne, shi mutum ne da ba doka ba sama, ba mai taka masa burki. Amma da labarin ya fito a mujallar Life a 1971, sai masu karatu a Amurka suka ga hoton wani bawan Allah mai tawali'u yana yawon duniya shi kaɗai da yagaggiyar laima. Rashin sani ya fi dare duhu. Ba mamaki da Shugaba Nixon ya ziyarci Sin a 1972, manyan tafintocin da aka dogara da su, Ji Chaozhu da Tang Wensheng, dukansu a Amurka suka yi ƙuruciya.

HANYOYIN DA SUKA BI

Sinawa ba su naɗe hannu ba. A 1982 gidan talabijin na ƙasa ya fara nuna shirin BBC mai suna Follow Me, wanda ya shiga gidaje masu ɗimbin yawa ya jiyar da su yadda Turawa ke hira. Waɗansu suka lizimci shirin Muryar Amurka na Turanci mai sauƙi, wanda aka fara a 1959, ana karanta shi a hankali da kalmomi kimanin 1,500. A manyan birane aka kafa dandalin Turanci, inda jama'a kan taru a lambun shaƙatawa ko harabar jami'a su yi ta hira da wanda ba su sani ba. Na Jami'ar Renmin da ke Beijing, wanda ake yi daren Juma'a, ya yi suna ƙwarai. A shekarun 1990 wani malami, Li Yang, ya fito da tsarin Crazy English, yana tara dubban mutane a fili suna ƙwala jimloli da ƙarfi don su kori kunya.

Daga baya wasannin talabijin na Amurka suka zama makaranta, musamman Friends, wanda aka yi daga 1994 zuwa 2004, ɗalibai suna bin sa jimla jimla. A 2011 wata Ba'amurkiya mai jin Sinanci, Jessica Beinecke, ta fara gajeren shiri a intanet ƙarƙashin Muryar Amurka tana fassara wa matasan Sin sarar Amurkawa. A watan Janairu 2025 kuma, da Amurkawa suka ji tsoron za a rufe musu TikTok, da yawansu suka kwarara dandalin Sinawa mai suna Xiaohongshu, har 'yan makarantar Sin suka riƙa neman su taimaka musu da aikin gida na Turanci.

Gwamnati ma ta sa hannu. Gabanin wasannin Olamfik na 2008 hukumomin Beijing sun bi tituna suna gyara allunan da aka rubuta da karyayyen Turanci, a watan Disamba 2017 kuma aka fara aiki da ƙa'ida ta ƙasa baki ɗaya kan fassarar allunan wuraren jama'a.

Sai dai sara tana da nata tarko. Tana tsufa da wuri, ta London ba ita ce ta New York ba, kuma kalma kan juye, har matasa su kira abu mai kyau "sick" ko "wicked". Wanda ya kwashi magana daga fim bai san matsayinta ba, yana iya ɗaukar ashar ya kai gaban shugaban ma'aikata. Baki shi ke yanka wuya.

BASHIN DA TURANCI YA CI

Cinikin bai zama na gefe guda ba. Maganar "lose face", watau zubar da mutunci, daga Sinanci Turanci ya are ta. "Paper tiger", damisar takarda, ta bazu bayan Mao ya yi amfani da ita a hirarsa da 'yar jarida Anna Louise Strong a 1946. A 2018 babban ƙamus na Oxford ya shigar da "add oil", ƙara mai, wadda Sinawa kan faɗa don ƙarfafa wa mutum gwiwa. Abin da jiya aka yi wa dariya, yau ya samu kujera a ƙamus.

DARASI GARE MU

Nijeriya da Sin sun ƙulla huldar jakadanci a 1971, kuma tun 1963 gidan rediyon Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou, da ma'aikatanmu da suka zauna da injiniyoyin Sin a aikin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, yawanci da Turanci suke fahimtar juna, harshen da ba na kowa ba a cikinsu. A irin wannan zama, hikima ita ce a yi magana a fili da kalmomi masu sauƙi, a bar karin magana da sara a gida, a kuma rubuta adadi da ranaku a takarda.

Ga 'yan makaranta kuwa, abin da Sinawa suka gano bayan doguwar wahala ya ishe mu aya. Cin jarrabawa daban, jin harshe daban. A koyi kowace magana tare da wurin da ake faɗinta, da wanda ake faɗa wa, a kuma fi ba da ƙarfi ga fahimtar sara bisa ga yin ta. In an ji abin da ba a gane ba a tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Kuma duk wannan himma ba ta sa Sinawa sun yar da nasu harshen ba, da shi suke karatun kimiyya, da shi suke mulki. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.